Nvidia, TSMC ko Intel: wanne ya cancanci kuɗinka?

Tun da ƙirƙirarriyar basira ta zama abin yayi, duk wanda ya buɗe manhajar sayen hannun jarin Amurka a wayarsa, Nvidia yake fara nema. Ni kam a cikin kamfanonin cif, ɗan mitsitsin abin nan da ke zama ƙwaƙwalwar waya da kwamfuta, TSMC na Taiwan ne gwanina.

Nvidia zanen cif kawai take yi, ba ta da masana'antar kanta. Haka Apple, haka AMD. Dukkansu TSMC suke kai wa ya ƙera musu. Kamar mai injin niƙa ne a unguwa, ko masara ce ta yi kasuwa ko dawa, a wurinsa za a niƙa. Morris Chang ne ya kafa TSMC a 1987 a garin Hsinchu, yau kuwa fiye da rabin cif ɗin da ake ƙerawa bisa kwangila a duniya daga hannunsa yake fitowa. A kasuwar New York ana sayar da shi da alamar TSM, guda ɗaya daidai da hannun jari biyar na kasuwar Taipei, kuma yana raba riba duk wata uku, sai dai Taiwan na yankar harajinta kafin kuɗin ya iso gare ka.

Aibinsa ɗaya ne, amma babba: Sin tana cewa Taiwan tata ce. Kamfanin attajirin Amurka Warren Buffett ya sayi hannun jarin TSMC na kusan dala biliyan 4 a 2022, ya sayar cikin 'yan watanni, dattijon ya ce inda TSMC yake zaune ne ke hana shi sukuni. An gina sabbin masana'antu a Arizona da Kumamoto ta Japan, amma aiki mafi ƙwari har yanzu a tsibirin yake. In ba za ka iya barci da wannan ba, kada ka saya.

Nvidia ingarman doki ne, yana da gudu yana kuma kayarwa. Ranar 27 ga Janairun 2025, labarin DeepSeek, manhajar ƙirƙirarriyar basira ta Sin, kaɗai ya sa ta faɗi da kusan kashi 17 cikin ɗari a wuni guda. Intel kuwa ta dakatar da raba riba a 2024, ni ban da lokacin jinya.

Amma wallahi abin da ya cinye kuɗina ba faɗuwar kasuwa ba ce. Wani ne ya saka ni a zauren WhatsApp, wai suna saya wa mutane Nvidia da ribar kashi 30 duk wata. Manhajarsu tsaf, lambobi kore shar suna hawa kullum. Ranar da na nemi cire kuɗina aka ce in fara biyan "kuɗin tantancewa". Na biya. Washegari aka cire ni daga zauren. Kuɗin gyaran rufin ɗakin Inna ne, har yau in damina ta kama sai na tuna.

Mun ga damfarar MMM a 2016, mun ga ta CBEX a Afrilun 2025, to me ya rage? Hannun jari na gaskiya ba ya alƙawarin riba. Duba sunan dillalin a shafin SEC, hukumar da ke kula da kasuwar hannun jari, da idonka, kada ka yarda da hoton takardar da aka turo maka. In aka ce tura kuɗi asusun wani mutum, ka gudu. In aka ce kawo mutum uku a ƙara maka, ka gudu. Wasu kuma caca ce kan hawa da saukar farashi suke sayar maka, har da bashin da ke ninka asara, ba ka mallaki ko ƙwaya ɗaya ba. Tambayi malaminka hukuncin wannan tukuna.

Yanzu duk sabuwar manhaja, dubu goma nake fara sakawa, in sayi ɗan gutsuren TSM, in sayar, in jira naira ta dawo asusuna na banki kafin in ƙara ko sisi.