Gyangyaɗi ko dogon barci ga kwamfuta

A Yamai, cikin zafin Afrilu da wuta ke yawan ɗaukewa, wannan bambanci ba wasa ba ne. In ka rufe murfin kwamfuta, galibi gyangyaɗi (sleep) take yi: aikinka na nan cikin RAM, ma'ajiyar wucin gadi da ba ta riƙe komai sai da wuta, batir na ɗan ciyar da ita, kana buɗewa ta farka nan take. Amma batir na mutuwa, wasiƙar da ba ka adana ba tana iya salwanta.

Dogon barci (hibernate) kuwa, sai an kwashe komai zuwa faifai, wato ma'ajiyar dindindin ta kwamfuta, cikin fayil mai suna hiberfil.sys a Windows, ko wurin da aka keɓe mai suna swap a Linux da umarnin systemctl hibernate, sannan na'urar ta mutu murus. Tashinta da ɗan nawa, kuma yana cin wuri a faifai. Ni dai, in zan hau mota zuwa Tawa, shi nake zaɓa.