Yadda ake juya mota a titunan Amurka, da abin da zai amfane mu a Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Daga cikin hidimomin da hukuma ke yi wa jama'a a nan Amurka, wadda direban Kaduna zai fi saurin lura da ita ita ce wurin juya mota, wato yu-tan. An gina masa wuri, an rubuta masa doka, kuma dokar tana cikin littafin koyon tuƙi da ofishin lasin ke bayarwa kyauta. Hannun tuƙinmu ɗaya da su, tun da Najeriya ta koma dama a 1972, don haka duk abin da zan faɗa zai zauna daidai a titin Ali Akilu ko Ahmadu Bello Way.

Da farko, kowace jiha da tata dokar. A Kalifoniya, idan danja ta ba ka kore a mahaɗa, kana iya juyawa muddin babu allon da ya hana, amma daga layin da ya fi kusa da tsakiyar titi kaɗai. Ka tsallaka iyaka ka shiga Oregon, abin ya juye: a mahaɗar da ke da danja haramun ne sai an kafa allon da ya ba da izini. Baƙi da dama a nan suke cin tara.

Tushen dokar gani ne. A Kalifoniya ba ka juyawa sai kana hango titi tsawon ƙafa 200, kusan mita 60, gaba da baya. Kwana, tudu, hazo ko ruwan sama, duk abin da ya rufe maka wannan tazarar ya hana ka. A unguwar gidaje sharaɗin shi ne babu motar da ke tahowa cikin wannan ƙafa 200. A wurin kasuwanci kuwa sai a mahaɗa ko inda aka buɗe ƙofa a kankaren tsakiya. Ba a juyawa a kan layin dogo, ba a juyawa a bakin ƙofar 'yan kwana-kwana. Oregon ta fi tsanani: ƙafa 500 cikin gari, 1,000 a wajen gari. Dalilin a fili yake. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya, mai juyawa kuma ya gitta titi ne a hankali, gefen motarsa a buɗe ga mai tahowa.

Inda suka fi mu nesa ba kusa ba shi ne ginin wurin. Kafin ƙofar juyawa ana yanke wani ɗan layi daga kankaren tsakiya, mai juyawa ya shige ciki ya jira. Gindin motarsa ba ya cikin layin masu gudu. Ku tuna yadda ƙofofinmu da yawa suke: an fasa kankare kawai, mota ta saka kai, bayanta na waje, Keke Napep ya kutso ta dama, ɗan acaɓa ta hagu, ga tirela ta taho daga baya tana hon. Wanda ya san baifas na Nnamdi Azikiwe da yamma ya san abin da nake nufi. Ƙaramar mota irin Corolla tana buƙatar faɗin kusan mita 11 ta juya a tashi ɗaya, wato wajen layi uku. Idan titin bai kai ba, dole direba ya tsaya ya yi ribas a tsakiyar hanya, kuma a nan ake yin karo. Jihar Mishigan ta ɗauki abin da muhimmanci har ta hana kwanar hagu a manyan mahaɗu da yawa: ka wuce gaba, ka juya a ƙofar da aka tanada, ka dawo. A wasu wuraren ma sun ƙara faɗin kwalta a ɗaya gefen don doguwar mota ta samu wurin karya kai.

Ga yadda ake koya wa direba. Ka koma layin hagu tun da wuri, ka kunna sigina aƙalla ƙafa 100 kafin wurin. Kana jira, ka bar tayoyin gaba a miƙe, kada ka murɗa sitiyari. Idan wani ya buge ka ta baya alhali ka murɗa, motar za ta faɗa cikin masu tahowa. Sannan ka duba mai tafiya a ƙasa, ka duba wanda ke fitowa daga titin gefe zai yi dama, domin layi ɗaya kuke nufa kuma sau da yawa hankalinsa na wani wajen.

Hukuncin ma da tsari. Ɗan sanda ba ya karɓar kuɗi a hannu, takarda zai rubuta, kotu ake biya. A Kalifoniya laifin yana jawo maki ɗaya a kan lasin, ya zauna shekara 3, kamfanin inshora ya gani ya ƙara maka kuɗi. Maki 4 cikin wata 12 na iya sa a dakatar da lasin. Ana ba da damar shiga ajin gyaran tuƙi don a ɓoye makin, sau ɗaya cikin wata 18.

Ba sai mun jira irin kuɗinsu ba. Jami'an KASTLEA, hukumar kula da dokokin hanya ta jihar Kaduna, da na Road Safety na iya matsa wa masu bin wan-we don gudun zagaye, amma kamawa kaɗai ba za ta isa ba idan ƙofar juyawa ta yi nisa ko babu allo. Duk ƙofar da za a buɗe a sabon titi, a yanke mata layin jira da zai ɗauki mota biyar ko shida, a kafa allo mai ƙyalli tun daga nesa, a kuma toshe waɗanda ke kan kwana ko daf da gangaren gadar sama irin ta Kawo.