Inda nake kai raket ɗina ɗauri a Jidda

Shekara huɗu ke nan ina buga badminton duk daren Alhamis tare da abokan aikina 'yan Kerala da wasu 'yan Filifin biyu, a wani zaure mai sanyi da muke haya a Jidda. A tsawon wannan lokaci babu abin da ya ci mini rai kamar tsirkiyar raket. Wani shagon kayan wasanni nake kai wa, in ce a ɗaure mini a laba 25, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin tsirkiya. Daren farko sai ka ji tana ƙara tas-tas, amma kafin Alhamis ta zagayo ta saki, ƙarar ta koma ɗif, ƙwallon da na saba ajiyewa dab da raga ya riƙa wuce inda na nufa. Da na yi magana sai yaron shagon ya ce zafin gari ne.

Wani abokin wasana ne ya kwatanta mini wani ɗan shago ta wajen unguwar Sharafiyya. Da na shiga na yi sallama, mai shagon ya dube ni ya ce, "Ƙanena, daga Kano ko daga Katsina?" Ashe Bahaushe ne haifaffen Makka, dattijo mai furfura a gemu, Hausarsa da ɗan gaurayen Larabci. Tun daga ranar Yaya nake ce masa.

Bai karɓi raket ɗin ya jefa a kwando ba. Ya juya shi, ya karanta abin da kamfanin Yonex ya rubuta a jikin sandar, laba 20 zuwa 28, wato iyakar ɗaurin da raket ɗin zai ɗauka, ya bi ƙananan robobin ramukan da tsirkiya ke bi da farce ɗaya bayan ɗaya, ya ciro guda uku da suka tsage ya nuna mini a tafin hannunsa. Sannan ya tambaye ni ko ana yi mini jan farko. Ban ma san da shi ba.

Ga yadda ya bayyana mini. Sabuwar tsirkiya kamar sabuwar igiyar shanya ce: ko ka ɗaure ta tamau, da ta ɗauki nauyi sai ta miƙe ta yi ciki, kuma mafi yawan wannan saki a kwana ɗaya ko biyu na farko yake faruwa. Injinsa na lantarki ne, mai ci gaba da ja har sai an maƙale tsirkiyar. Idan ya saita jan farko a kashi 10 cikin 100, injin zai ja kowane layi ya wuce inda ake so, ya dawo. Na tsaya a kansa ina kallon lambobin: su haura zuwa 27.5, su ɗan tsaya, su sauko su zauna a 25, sannan ya sa maƙali. Haka ya yi wa layukan tsaye 22, ya koma kan na kwance yana saƙa su da yatsu, sama da ƙasa, kamar mai saƙar tabarma. Wato ana cire wa tsirkiya wani ɓangare na miƙewarta tun tana kan inji, kada ta je ta yi shi a fili.

Abin da ya sa na yarda da shi shi ne bai ɓoye mini hasarar da ke ciki ba. Ya ce tsirkiyar da aka ja za ta ɗan yi tauri, tsallen nan na sabunta zai ragu, kuma mai ciwon gwiwar hannu zai iya jin ta. Gaskiya ne. Daren farko na ji kamar an ɗaure a 26, sai da na ƙara ƙarfi kafin in kai ƙwallo ƙarshen fili. Amma sati uku bayan nan, in na buga ta a tafin hannuna, ƙarar tana nan kusa da yadda na karɓo ta. Ni wannan nake nema, in san abin da ke hannuna kowane mako.

Ba kowace tsirkiya yake yi wa haka ba. Tawa samfurin da ake kira BG65 ce, mai kaurin milimita 0.70, tana da juriya kuma tana da yawan saki, don haka ya ce ita ta fi bukata. Da na kawo masa BG66 Ultimax, siririya mai 0.65, sai ya ce, "Ƙanena, wannan don tsallenta ka saya, kada mu kashe mata shi." Ya ɗaure ta ba jan farko. Wani karon na nemi laba 26 da kashi 10, ya ƙi, ya ɗauki biro ya rubuta mini 28.6 a bayan rasit, ya nuna mini 28 ɗin da ke jikin raket. Ya ce ko dai mu rage kason zuwa 5, ko mu tsaya a 25.

Inda zan yi ƙorafi shi ne lokaci. Shi kaɗai ne, inji ɗaya, kuma ba ya gaggawa. In ka kai raket ranar Laraba da dare kada ka sa ran bugawa da shi Alhamis. Wurin ajiye mota ma wahala ne a layin, sau biyu ina zagaye har aka kira Isha. Kuɗin aikinsa ya ɗara na shagon da na baro da riyal 10, amma yana canza robobin da suka lalace ba tare da ya ƙara komai ba, kuma yana manna 'yar takarda a gindin mariƙi da kwanan wata da nauyin ɗauri.

Maganar zafi kuwa akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Yaya ya hana ni barin jakar raket a but ɗin mota, ya ce ranar Jidda ta bazara za ta sassauta kowace tsirkiya, da jan farko ko babu. Yanzu da jakar nake hawa ofis, in ajiye ta ƙarƙashin tebur har a tashi.