Gargaɗi: masu tallar allurar "sitem sel" da akwatin oksijin don gyaran jijiya

Jama'a a yi hattara. Makon jiya yayana, wanda ciwon suga ya kashe wa tafin ƙafa, ya turo min wata talla da ya gani a Facebook. Wani mai farar rigar likita ne ke rantsuwa cewa allura uku ta ƙwayoyin halitta na asali, waɗanda suke kira sitem sel, da zama goma a akwatin oksijin, wanda ake shiga a shaƙi iskar oksijin cikin matsi mai ƙarfi, za su farfaɗo da duk jijiyar da ta mutu a mako biyu. Da yayan nawa ya tuntuɓe su, ba su tambayi sakamakon gwajinsa ko ɗaya ba. Kafin alƙalami suka fara nema, wai gurbi biyu kacal ya rage. Nan na ce masa, "Yaya, dakata."

Jijiyoyin ji da motsi na hannu da ƙafa suna iya sake tsirowa, amma tafiyar hawainiya suke yi: kusan milimita 1 a rana, wato wajen inci guda a wata. Wanda jijiyarsa ta yanke a kafaɗa zai yi watanni da yawa kafin tsiron ya kai yatsu. To wace allura ce za ta yi wannan a mako biyu? Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne, tsokar da ta rabu da jijiyarta ba ta jira har abada. Bayan kamar wata 12 zuwa 18 takan kai matakin da ko jijiyar ta iso, ba za ta ƙara amsawa ba. Kuɗin da ɗan damfara ya ci ana iya mayarwa, amma watannin da likitan fiɗa zai ɗinke jijiyar ko ya yi mata dashe, in sun wuce sun wuce.

Binciken sitem sel gaskiya ne, ana yin sa, galibi a kan dabbobi da ƙananan rukunan marasa lafiya. Sai dai hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ba ta amince da wata allura irin wannan don ciwon jijiya ba. Inda aka daɗe da tabbatar da amfaninsu shi ne cututtukan jini, kamar dashen ɓargo. Illar kuwa an gan ta. A 2017 likitoci suka wallafa labarin tsofaffin mata uku a jihar Florida da aka yi wa allurar ƙwayoyin da aka ciro daga kitsen jikinsu a idanu, ganinsu ya lalace, bayan kowacce ta biya dala 5,000. A 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutum 12 da aka kwantar a asibiti saboda ƙwayoyin cuta da suka shiga jikinsu ta allurar sitem sel da aka ciro daga jinin cibiyar jarirai. Shi kansa Google tun 2019 ya hana tallar irin wannan magani da ba a tabbatar ba.

Akwatin matsin oksijin ma yana da aikinsa na gaske: gubar hayaƙin kabon monoksaid, ciwon masu nutso a teku, gyambon ƙafar mai suga da ya ƙi warkewa. Da wannan na ƙarshen suke yi wa mutane romon baka, alhali warkar da gyambo daban, dawo da jin ƙafa daban. Ba kuma abin wasa ba ne, yana iya fasa dodon kunne, oksijin kuma abokin wuta ne. A Janairun 2025 wani yaro ɗan shekara 5 ya rasu a jihar Michigan lokacin da irin wannan akwati ya kama da wuta.

In sun ce maka "gwajin asibiti" ne, wato binciken gwada sabon magani a kan mutane, tambaye su wane kwamitin ɗa'a ya amince, kuma me ya sa kai za ka biya. Ganin suna a rajistar gwaje-gwaje ta intanet ba lasisi ba ne.

Yayana dai ya koma wurin likitan jijiya. An auna gudun saƙo a jijiyoyinsa, an duba sugansa, aka kuma tarar bitamin B12 ɗinsa ya yi ƙasa, an ɗora shi a kan magani. Mai farar rigar har jiya yana turo saƙo, wai yanzu gurbi ɗaya ya rage.