Konsul da Tiribun: Wa Ya Fi Ƙarfi a Tsohuwar Rum?

Ɗan'uwa, ka tambaya: tunda konsul da tiribun duk zaɓensu ake yi, ina bambancinsu, kuma wa ke gaba da wani?

Tun daga tushe suka rabu. Konsul gadon sarki ya ci. Da Rumawa suka kori sarkinsu na ƙarshe, Tarkwin, wajen shekarar 509 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai suka danƙa ikonsa ga mutum biyu, wa'adinsu shekara ɗaya tak. Su ke jan runduna, su ke kiran Majalisar Dattawa, dogarai 12 na tafe gaban konsul ɗauke da damin sanduna. Ƙuri'ar zaɓensu kuwa rukuni-rukuni ake kaɗa ta bisa dukiya, attajirai su fara, galibi kafin a zo kan matalauci an riga an gama.

Shi tiribun, fushi ne ya haife shi. A shekarar 494 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), talakawan da bashi ke jefa wasunsu cikin bauta suka tattara nasu-ya-nasu suka fice daga gari, suka yi zaman dirshan a kan wani tudu, suka ce yaƙi kam ba da su ba. Dole 'ya'yan manyan gida suka sauko, aka ba talakawa wakilansu, wato su tiribun, waɗanda daga baya suka kai goma. Tiribun ba shi da dogari, ba ya jan soja, ikonsa a cikin gari ya tsaya. Amma talakawa sun yi rantsuwa cewa duk wanda ya taɓa shi jininsa ya halatta. Ƙofarsa a buɗe take dare da rana saboda mai neman ceto, kuma in ya hau kujerar naƙi, ko umarnin konsul ne sai ya dakata.

To ka ga, a fagen fama konsul ba shi da na biyu, a cikin gari kuwa tiribun na iya ɗaure masa hannu.

Ni dai ina ganin manya ba su yi asarar da ake zato ba. Dokar da aka yi a shekarar 367 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ta buɗe wa talakawa kujerar konsul, amma masu kuɗin cikinsu ne suka haye, suka saje da manyan. Ga kuma lagon tiribun: mutum ɗaya cikin goman zai iya tare sauran tara, don haka ɗaya kawai manya ke buƙatar janyewa. Haka aka yi a shekarar 133 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani tiribun mai suna Oktabiyus ya tare dokar rabon gonaki ta takwaransa Tiberiyus Girakus. Tiberiyus ya sa aka tsige shi, dokar ta wuce, amma shekarar ba ta ƙare ba sai da 'yan majalisa da mabiyansu suka kashe Tiberiyus da kulake, yana kan kujerar tiribun.