Mai wasan 'yar tsana a Amurka: Equity ko SAG-AFTRA?

Mai wasan 'yar tsana yakan wuni a durƙushe, hannu a sama, fuskarsa a ɓoye, ga ciwon kafaɗa da na baya. Ƙungiyoyin ƙwadago biyu ne ke tsaya masa a Amurka.

In kan dandamali yake wasa, ƙungiyarsa Actors' Equity ce, wadda aka kafa a 1913. Ita ke yanke mafi ƙarancin albashin mako, kuma yawan makonnin da mutum ya yi aiki ake ƙirgawa kafin ya samu inshorar lafiya. Ranar da aka rufe wasan, albashi ya tsaya.

Mai aikin fim da talabijin kuwa yana ƙarƙashin SAG-AFTRA, wadda ta samu daga haɗewar ƙungiyoyi biyu a 2012. Nan na fi ganin romo, domin in aka sake nuna shirin ana ƙara biyansa, ko bayan shekaru. Sai dai inshorarta galibi da kuɗi ake aunawa: a 2023 ma'aunin shi ne mutum ya samu dala 26,470 a shekara. Mai aikin kwana uku nan, kwana biyu can, ina zai haɗa wannan? Kuɗin maimaicin ma ya ragu a shirye-shiryen intanet, kuma yana cikin abin da ya jawo yajin aikin kwana 118 a shekarar.