Burodin fatsa: da hannu ko da kayan aiki?

Mai son kama karfasa da burodi, ya fara kashe kuɗinsa a kan shi kansa burodin. Nemi sabon gashi mai laushi da danƙo, irin na Agege, wanda in ka matsa shi da yatsu zai manne bai farfashe ba. Wanda ya bushe a teburin mai shayi, kafin ƙugiya ta nitse ya watse.

Da hannu zalla, ka gutsuro tsokar ciki daidai farcen babban yatsa, ka naɗa a jikin ƙugiya, ka danne saman kawai wajen ƙullin zare. Ƙasan a bar shi sako-sako, tsinin ƙugiyar a waje. Yana shiga ruwa sai ya kumbura yana sakin ɓarɓashi, kifi ya biyo. Aibinsa ɗaya, ba ya jure jifa mai nisa. Inda ruwa ke gudu, kamar kogin Haɗeja da damina, kwaɓi ya fi: ka ɓare ɓawon burodin jiya, ka jiƙa tsokar, ka matse a tsumma, ka murza har ya daina kama hannu. Garin ƙuli-ƙuli kaɗan yana ƙara masa ƙamshi.

Masu fatsa a Ingila suna da ɗan bututun tagulla da suke dannawa a kan yankan burodi, ya fitar musu da ƙananan da'irori masu girma ɗaya. Yana da amfani sosai ga kifi mai ƙaramin baki irin kawara, kuma ga sauri. Amma ban ga dalilin yin odarsa daga waje ba, tunda bututun tsohon biro yana wannan aikin. Sirrin dai shi ne ka fara murje yankan da kwalba ya lafe.

Bilenda kuwa, don niƙa burodin da ake watsawa a tara kifi, in akwai ta a gida to madalla. In babu, goga busasshen burodi a rariya ya wadatar, ba ruwanka da jiran wuta.

Abin da ba zan yarda ka manta ba shi ne leda mai kauri ta ajiye burodin, don iskar hunturu a bakin dam ɗin Tiga nan da nan take busar da yanka. In kuma tarwaɗa kake nema, ajiye burodin ka haƙo tana.